Masarar da Na Saya a Gwanjon Coci

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago a Yelwa ina haɗawa da noma, na tafka wata wauta da har yau in na tuna ta sai kunya ta kama ni ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Na daɗe ina jinkirin ba ku labarin, don ba labari ba ne da mutum yake fitowa a cikinsa da kyan gani. Amma dai ga shi.

Ina da aboki da muka tashi tare tun muna yawo da gajeren wando. Makaranta ɗaya, coci ɗaya, har muryar da muke ɓata wa 'yan ƙungiyar waƙa iri ɗaya ce. Shi gadi yake yi a wata makarantar firamare, ni kuma ga keken ɗinkina, kuma dukkanmu ba wanda sana'arsa take ciyar da gidansa in ba a haɗa da gona ba. Da muka yi aure sai muka je wajen wani dattijo a kusa da Iware, ya yanka mana fili guda ya ce mu raba tsakaninmu. Filin ya fara ne daga bakin kwalta ya gangara har rafi. Sama tsakuwa ce, ƙasa kuma baƙar ƙasa mai riƙe laima. Na yi wuf na ce ni dai ba na son ƙarar motoci, a bar min can ƙasa. Abokina ya dube ni ya yi murmushi, ya ce ba komai. Ya san abin da na yi, ni ma na san ya sani.

Shekara huɗu ina girbe fiye da shi. In kaka ta yi nakan aika masa da ɗan wani abu, in ji daɗi a raina cewa ni mutumin kirki ne. Yanzu na gane abota tana da daɗi sosai in kai ne a sama da taku ɗaya.

Masarar da nake shukawa kuwa ta mahaifiyata ce. Tun da mahaifina ya rasu take zaune tare da mu a Majidaɗi, kuma da ta taso daga ƙauye ba ta damu da kwanuka ko tabarmi ba, damin irinta ta fara sawa a mota. Daga gidan ubanta ta zo da wannan iri ranar da aka kawo ta gidan miji, ita ma uwarta ce ta ba ta. Ba wata masarar a zo a gani ba ce. Gajera ce, goyonta bai fi tafin hannu ba, ƙwayar fara da ɗigon ja nan da can, ga tauri har mai injin niƙa yakan yi mita. Amma tana nuna da wuri, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ba ta neman taki da yawa, kuma ƙwari ba sa samun ta da sauƙi. Duk kaka mahaifiyata takan zauna ta zaɓi masu kyau, ta ɗaure su da ɓawonsu, ta rataye a saman murhu hayaƙi ya yi ta bugunsu har damina. Da wannan iri aka ciyar da ni, da shi nake ciyar da 'ya'yana, ban taɓa sayen abin shuka ba.

A shekara ta biyar, wata safiya gab da faɗuwar damina muna sharar gona, sai ga farar mota ta tsaya a bakin titi. Malamin gona ne ya fito da takardu a hannu, ya tambayi mai filin da ke bakin titin. Ya ce gwamnati ta kawo shirin bunƙasa noman masara, ana neman gonar gwaji da za a nuna wa manoma ingantaccen iri, kuma komai kyauta ne: iri, takin zamani, maganin feshi, har da horo.

Ban jira an tambaye ni ba na matso. Na gaya masa cewa in ƙasa mai kyau yake nema, ya biyo ni minti biyar kawai, zai ga inda ake noma. Na ɗebo masa tsakuwar gonar abokina a hannu na nuna masa, a gaban abokin nawa kuwa. Mutumin bai ɓoye min komai ba.

“Na yarda taka ta fi kyau,” in ji shi. “Amma ranar da manya za su zo dubawa, ba wanda zai shiga taɓo da takalminsa. Gonar da ake gani daga cikin mota ake so.”

Shi ke nan. Wayon da na yi shekara huɗu ina cin ribarsa, shi ya mayar da ni bayan fage. Bayan mako biyu aka kawo wa abokina iri a cikin leda mai tambarin kamfani, an rine ƙwayar da jan magani, aka sauke masa buhunan taki, aka kafa ƙaton allo a bakin gonar da sunansa a jiki, manyan baƙaƙe.

Abin da ya fi ci min rai, ba ni da wata hanyar zuwa gonata sai ta tsakiyar tasa. Kullum sai na wuce ta ƙarƙashin allon nan. Na ga masarar tun tana tsiro, na ga ta yi kore shar har tana ɗaukar baƙi-baƙi, na ga ta tashi kai ɗaya, ba wadda ta fi wata ko da ɗan yatsa. A kan tsakuwa fa. Da ta yi goyo, wasu biyu-biyu, kowane ya kai tsawon damtsena. In na gangara na isa tawa sai in ga kamar ba ta da lafiya, alhali kuwa lafiyarta ƙalau, yadda take kowace shekara haka take. Idona ne ya lalace.

Na shiga nema mata aibu. Na gaya wa matata ai irin wannan masarar kaji ake noma wa, ba ta da ɗanɗano. Na gaya wa masu zama a shagona ai taki ne kawai, ko a kan siminti ka zuba wannan takin sai abu ya fito. Na ce za ta kashe masa ƙasa. Ba abin da ban ce ba, sai abu ɗaya, wato ina so. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni ma na ba da gudummawata a gonar nan ba kaɗan ba.

Da ranar baje kolin gonar ta matso, abokina ya kawo min yadi in ɗinka masa riga da wando, don an ce zai yi magana a gaban baƙi. Ku dubi wannan jarrabawa. Ina auna shi yana ta ba ni labarin abin da ake koya musu a wajen horo, tazarar shuka, lokacin zuba taki, yadda ake binne shi maimakon a watsa. Yana yi ne da zuciya ɗaya, yana so in ƙaru. Ni kuma kowace kalma kamar yana taka min ƙafa. Ya ce akwai ma wani abu muhimmi game da shi kansa irin, da ya kamata in sani. Na cire tef daga wuyana na ce masa, yau kuma ni za a koya wa noman masara? Na ce ya tuna wa yake aika wa wa da hatsi shekara huɗu. Ya ce in yi haƙuri. Wallahi na so in rage wa wandon nan tsawo, tunanin sunan shagona ne kawai ya hana ni.

Ranar ta zo, aka kafa rumfuna a bakin titi, aka jera kujerun roba, manya suka zo suka tsaya daidai inda kwalta ta ƙare aka ɗauke su hoto. Ni ina can ƙasa ina cirar ciyawar da ba ta kai a cire ba, ina jin tafi. Washegari aka sa muryarsa a rediyo. Duk wanda ya shigo shago sai ya tambaye ni, ba abokinka ba ne jiya? In ce shi ne, in ƙara taka keke. Da aka yi girbi na tsaya daga nesa ina ƙirga buhunan da ake lodawa, na ɓata lissafi na sake farawa. Kafin Kirsimeti ya sauke rufin ciyawar ɗakinsa ya buga kwano. Matata ta je ta gani ta dawo ta ce ya yi kyau, ba ta ƙara komai ba, amma na kwana biyu ina jin haushinta.

Na ƙudura a raina sai na shuka masarar nan. Hanya mafi sauƙi ita ce in buɗe baki in ce, soobajo, sam min iri. Haka muke kiran juna tun muna yara, aboki ke nan da Fulatanci. Da ya ba ni, har da ƙari. Amma in roƙi mutumin da na saba ba shi? Na gwammace in haɗiye allura.

Sai Allah ya kawo sujadar godiya ta kaka. Ga waɗanda ba su sani ba, a cocinmu in an gama girbi akan ware Lahadi guda kowane gida ya kawo wani abu daga amfanin gonarsa, ana waƙa ana rawa har gaban bagade. Doya, gyaɗa, kaji, akuya, kowa da ƙarfinsa. Bayan an tashi sai a fito da kayan waje a yi gwanjonsu, abin da aka samu ya shiga aikin ikkilisiya. Abokina da matarsa suka shigo da buhu guda na masarar nan, ba a ɓare ba, zaɓaɓɓu, an bar bakin buhun a buɗe manyan suna leƙowa. Mutane har miƙewa suke yi su gani. Ni kuwa ina zaune sai na ji wata dabara ta faɗo min, har na gode wa Allah a kan ta, ku ji rashin kunya.

Da aka zo gwanjon buhun na ɗaga hannu. Wata dattijuwa daga zumuntar mata ita ma ta ɗaga, tana so ta yi kunun taron mata da ita. Ta ƙara, na ƙara. Ta sake ƙarawa, na sake. Matata tana ja min riga ta baya, don ta san kuɗin da ke aljihuna na yadin mutane ne. Ban saurare ta ba. Dattijuwar ta gaji ta ce a bar wa tela, da alama Ruhu ne ya sauko masa. Aka yi dariya aka tafa min. Fasto ya riƙe hannuna ya ce ga misalin mai bayarwa da daɗin rai, a yi koyi da ni. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Abokina ya same ni ina ɗaure buhun. Ya ce da na faɗa masa ina so ai da ya kawo min har gida, me ya kai ni wannan tsada? Na ce ai don aikin Ubangiji na yi, yara su sha kunu. Ya ce to madalla. Da a ce ya san shukawa zan yi, da a wurin zai tsayar da ni.

Na kai gida na shiga madafi zan rataye, sai na tarar ba wuri, irin mahaifiyata ya cika sandar. Na fara sauke nata. Tana zaune a bakin ƙofa tana kallona. Ta miƙo hannu na ba ta ɗaya daga cikin sababbin, ta juya shi, ta ɓalle ƙwaya ɗaya ta sa a haƙori.

“Wannan masara ba shi da ƙashi,” ta ce. “Kyau ne kawai.”

Na yi mata bayanin zamani da ci gaba, na ce duniya ta wuce wajen 'yar guntuwar masara, ta je ta ga rufin gidan abokina. Ta ce ta gani. Ba ta yi gardama ba, ba halinta ba ne. Ta tattara nata ta zuba a wani tsohon kwando ta kai ƙarƙashin gadonta, sannan ta roƙe ni abu ɗaya.

“Ka bar min kunya biyu a gefen rafi. Ni zan shuka abina da hannuna.”

Na ce to, za a gani. Amma maganar ta tsaya min a rai. Na san in ta shuka nata kusa da nawa, iska za ta haɗa su, kuma ni so nake gonata ta fito kai ɗaya kamar ta bakin titi, duk wanda ya gani ya ce ashe ta ƙasa ta fi. Ban so ko kara ɗaya gajere ya ɓata min hoto.

Ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka aka yi rasuwa a ƙauyenmu, ta tafi ta yi mako guda. A lokacin hatsin gida ya ja baya, ɗinki kuma ba ya shigowa. Na jawo kwandon nan daga ƙarƙashin gado, na gaya wa kaina ai abinci ne, ga yara, ga shi ba za a shuka ba. Na ɓare shi tas na kai inji. Matata ta ce in bar ko guda biyar. Na ce in an bar biyar ai an bar rigima. Wannan ita ce maganar da na fi jin kunyarta a duk labarin.

Ranar da mahaifiyata ta dawo, da garin aka tuƙa tuwon. Ta wanke hannu, ta yi addu'a, ta kai loma ɗaya. Ta daina tauna. Ba ta tashi ta duba ƙarƙashin gado ba, ba ta buƙata.

“Ka niƙa,” ta ce.

Na fara kame-kame, ta ɗaga min hannu. Ta ci gaba da cin tuwonta a hankali har ta cinye, ta suɗe kwanon, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce ba a zubar da abinci. Daga nan ta shiga ɗaki.

Ruwa ya sauka na yi shuka da sassafe, kwana biyu a jere, kafin abokina ya fito, don kada ya ga abin da ke cikin ƙwaryata. Tsiro ya fito da kyau, na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa. Sai maganar taki ta taso. A shekarar kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi a kasuwa, buhu ɗaya ya fi ƙarfin irina. Aka ce akwai na tallafi, a je a rubuta suna a mazaɓa. Na rubuta, na yi ta sintiri ina rufe shago. Bai iso ba sai da masara ta kusa fitar da kai, kuma da ya zo mu huɗu aka haɗa a buhu ɗaya, muka raba da mudu a gindin bishiya kamar masu rabon gado. Abin da na samu ko rubu'in gonar bai isa ba. Shi kuwa abokina shekararsa ta biyu ke nan a shirin, tun kafin shuka aka sauke masa nasa.

Ban san lokacin da na fara gane akwai matsala ba, don na daɗe ina ƙin gani. Masarar ta tashi wata doguwa, wata iya gwiwa, wata siririya, ganye ya yi rawaya. Ruwa ya ɗauke kusan mako biyu a tsakiyar damina, abin da masarar mahaifiyata takan jure ta lanƙwashe ganye ta jira, wannan kuwa sai ta fara ƙonewa daga ƙasa. Da lokacin goyo ya yi, da yawa ba su yi ba sam. Waɗanda suka yi, in ka ɓare sai ka ga totuwa da 'yan ƙwayoyi a warwatse kamar bakin tsoho. A baƙar ƙasata, wadda na yi wayo na zaɓa.

Wata ranar Asabar ina tsaye a ciki sai na ji motsi a bayana. Abokina ne ya gangaro. Ya daɗe bai zo ƙasa ba, don na daɗe ina amsa gaisuwarsa a taƙaice. Ya bi kunya ɗaya har ƙarshe ya dawo, ya ɓare goyo ɗaya ya duba, ya dube ni.

“Soobajo, ina masarar Mama? Wannan ba shi ba ne.”

Na kau da kai.

“Na coci ne ka shuka?”

Na ce eh. Ya dafe kai ya tsuguna a wurin. Ya ce abin da ya so gaya min ke nan ranar da nake auna shi. Irin kamfanin nan ba a maimaita shi. An haɗa shi ne ya yi kyau sau ɗaya, 'ya'yansa ba sa gadonsa, duk shekara sai an sayo sabo, kuma ko sabon in ba taki ba ya yin komai. Ya ce a ranar farko ta horo aka gaya musu, har sau uku malamin ya maimaita, don ya san halinmu na zaɓar iri daga gona. Sannan ya tambaye ni ko nawa ya rage na Mama, a samu a shuka ko a bakin rafi ne tun da tana nuna da wuri. Na ce babu. Ya ce babu kamar yaya? Na gaya masa.

Na so ya yi min dariya. Na so ya ce Allah ya ƙara, ko ya tuna min tsakuwar da na ɗebo na nuna wa malamin gona. Da ya yi haka da na samu abin riƙewa in ji haushinsa da hujja. Bai yi ba. Ya tashi ya karkaɗe gwiwa ya ce Allah zai rufa asiri, ya hau sama abinsa.

Abin da na girbe a shekarar bai kai mu ko Ista ba, kuma ɗan abin da aka samu ƙwari suka shiga tun yana sabo, don ba shi da tauri, kamar yadda tsohuwa ta faɗa da haƙorinta. Muka koma cin tuwo sau ɗaya a rana. Ɗiyata ta fari ta zauna a gida zango guda, babu kuɗin makaranta. Ana cikin haka wata rana na dawo daga shago na tarar da buhu biyu a tsakar gida. Abokina ne ya kawo a kan sabon babur ɗinsa, ya zaɓi lokacin da ba na nan, ya ce wa matata na Mama ne, don ya san in ya ce nawa ne zan iya mayarwa. Ku san me na fara tambaya? Ba buhunan ba. Cewa na yi, babur kuma ya saya? Ina cin tuwon masararsa ina jin zafin babur ɗinsa. Haka zuciya take in ta lalace, ba ta san ranar kunya ba.

Mahaifiyata kuwa ba ta zauna ba. Da rani ya yi ta ɗaura zane ta shiga nema. A tsawon shekaru ta ba mata da yawa wannan iri, a Iware, a ƙauyenmu, har da wata ƙanwarta da ke aure can gaba. Ta bi su gida-gida, da kuɗin motar da ban san inda ta samo ba. Duk inda ta je labari ɗaya ne. Wasu sun koma irin kamfani tun da suka ga gonar bakin titi, wasu nasu ya gauraya da na maƙwabta har ba a gane shi, wasu yunwa ta sa sun cinye. A tafiyarta ta ƙarshe ta dawo da 'yan ƙwayoyi a ƙulle a bakin zane, wata tsohuwa ta ce tana jin shi ne. Ta shuka a bayan ɗaki tana ba su ruwan wanke-wanke. Da suka nuna ta ɓare ɗaya ta duba, ta ba kaji.

Na durƙusa na ba ta haƙuri, ba sau ɗaya ba. Ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, don ba ta taɓa tayar da maganar ba ko a cikin faɗa. Na je na ba abokina haƙuri shi ma, ya ce shi bai ga abin da na yi masa ba. Wannan ma ya ba ni haushi kaɗan.

Shirin nan bai wuce shekara uku ba. Aka canza gwamnati, farar mota ta daina zuwa, waɗanda suka zo suka kawo nasu shirin da wani suna, a wata gonar bakin titi. Amma kafin nan kusan kowa a yankin ya saki irin gidansu. Yanzu duk damina sai ka nemi kuɗin iri, ka nemi kuɗin taki, in ka rasa ɗaya ka rasa shekara. An koya mana noman da sai da kuɗi, aka tafi aka bar mu da shi ba tare da kuɗin ba. Nakan faɗi wannan a shago in ana hirar gwamnati, kuma gaskiya ce. Sai dai in na zo nan nakan rage murya, don ba gwamnati ce ta jawo kwando daga ƙarƙashin gadon uwata ba.

Abokina ya yi hankali da abin da ya samu. Da shirin ya ƙare ya bar gadi, ya buɗe shagon sayar da iri da maganin feshi a Iware, kuma Allah ya sa masa albarka. A wajensa nake sayen iri duk shekara. Yakan rage min, yakan sa a kawo min ruwan sanyi, mu yi hira mu yi dariya har da labarin gwanjon. Zan so in ce muku na warke sarai, amma ƙarya ne. Bana da na je na ga ya ƙara ƙofa ta biyu a shagon, sai da abin nan ya ɗan motsa a ƙirjina. Bambancin kawai, yanzu na san shi, in ya motsa nakan ce masa ya kwanta, na riga na ga abin da yake ci. Ba wanda nake yi wa ƙyashi ya taɓa ba, shi ko ƙwarzane bai samu ba. Abin da ke cikin gidana ya cinye.

Mahaifiyata tana nan da ranta, ta tsufa amma ƙafarta da sauran ƙarfi, takan je gona lokacin ciyawa, takan je girbi. Ranar shuka ce kawai ba ta zuwa. Shekarar farko na ɗauka fushi ne, ta biyu na ɗauka gajiya ce. A ta uku na yanke ledar irin a gabanta, na ce Mama, ki zo ki sa mana albarka ko rami ɗaya ne. Ta leƙa ta ga jajayen ƙwayoyin, ta mayar da hannunta cikin zane.

“Ku je ku shuka,” ta ce. “Hannuna bai san wannan ba.”

Muka tafi muka bar ta zaune a bakin ƙofar madafi, kuma haka muke barin ta duk shekara.